Yadda Ake Cin Sallah a Makka Ba Nama, da Abin da Zai Tsaya a Madadin Jelatin

Shekara shida kenan rabona da nama, kuma a Makka nake zaune, a irin unguwar da in kika leƙo da yamma hayaƙin tsire ne zai fara yi miki sallama kafin mutane. Tsiren nan namu har mutanen Hijaz sun karɓe shi suna ce masa sire, to ki duba a ce 'yar gidan masu sire ce ba ta cin nama. Abin ya faro ne daga ciwon ciki, na ajiye shi na ɗan lokaci, daga baya raina ya fita daga kansa gaba ɗaya har ƙarninsa nake ji a miyar da aka tsame shi. Ina shan madara ina cin ƙwai, jan nama da kaza da kifi ne na bari. Sauran ranaku ba ni da damuwa, ful ɗin wake da burodin tamis da adas sun riƙe ni, wahalar duk tana Sallah, lokacin azuma, yani gayyatar cin abinci gida gida, inda kowace uwa take ganin in ba ta tura miki tsoka gabanki ba to ba ta karrama ki ba. Ga yadda nake bi da abin, mataki mataki, har zuwa kan jeli wanda shi ne ya fi ba ni wahala kafin na gane kansa.

Abu na farko ki shirya amsarki tun a gida, kuma ta zama gajeriya. Kada ki kuskura bakinki ya furta abin da zai sa a ji kamar kina ƙyamar abin da Allah ya halatta, layya ibada ce kuma cin namanta abin so ne, in kika shiga wa'azin tausayin rago ranar goma ga Zulhajji to ke kika ja wa kanki. Ni abin da nake cewa kawai, halal ne Gwaggo, jikina ne ba ya karɓa. In aka matsa sai in tuna musu an taɓa kawo wa Annabi (SAW) gasasshen dabbu, damon saharar nan, ya janye hannunsa, Khalid bn Walid ya tambaya ko haram ne ya ce a'a, babu shi ne a ƙasar mutanensa shi ya sa ransa bai so ba, Khalid ya jawo ya ci a gabansa. Yana cikin Bukhari da Muslim. Tsofaffinmu in suka ji wannan sai su ce to Allah ya sawwaƙe, magana ta mutu.

Na biyu, ki sanar da mai gida kwana biyu ko uku kafin ranar, ba a kan sufra ba, yani shimfiɗar cin abinci. Ki kira ta a waya, kada ki tura saƙo a guruf ɗin dangi inda kowa zai sa baki. Kuma kada ki ce a dafa miki naki daban, matar da ke fama da tukunyar mutum talatin ba ta da hannun wannan. Ki ce Hajiya zan zo da ɗan abin da na iya, in an ɗora shinkafa dan Allah a ɗebar min farar kafin a zuba romo. Shi kenan. Wadda aka gaya wa da wuri ita ce za ta kare ki gobe a gaban baƙi, wadda kuwa ta ji a bainar jama'a gani take kin raina girkinta.

Na uku shi ne sanin inda naman yake ɓuya, nan ne aka fi cin mutum. Shekarar farko Gwaggona ta zauna da hannunta ta tsince duk wata tsoka daga gefen tiren mandi ta ture shinkafar gabana tana murmushi, ci 'yata, na cire miki naman tas. Shinkafar nan kuwa tana ƙyalli da kitse, dan ita mandi a ƙarƙashin naman ake dafa ta, duk maiƙon da ya narke a kanta yake ɗiga. Na ci loma uku saboda kunya, na kwana ina juyi. Kabsa a ruwan naman ake dafa shinkafarta. Salik ɗin da kike gani fari tas kamar kunun madara, da romo aka fara dafa shi kafin a zuba madarar. Shurbar alkama ta azumi da rago ake yinta, mulukiya da romon kaza, makaroni bashamel niƙaƙƙen nama ne a tsakiyarta, ganyen inabi na man zaitun ba komai amma wasu a kan haƙarƙari suke jera shi a tukunya. Sambusa ki tambaya wacce ce ta cuku, kuma ko a mai ɗaya aka soya su. Namu na gida ma haka, miyar kuka, miyar taushe, kuɓewa, ko ba ki ga tsoka ba akwai ƙashi ko busasshen kifi ko dunƙulen kaza. Samin, yani man shanu, na nono ne ba matsala, amma kitsen jelar rago da wasu ke narkawa su zuba a shinkafa dan ƙamshi, wannan nama ne.

Sallar azumi da sauƙi, kalacin mutanen Hijaz kamar dan mu aka yi shi, dibyaza ta kamaruddin, yani markaɗaɗɗen afirikot da aka busar falle falle, da busassun 'ya'yan itace da su loz, yani almond, ga burodin shuraik, cuku iri iri, zaitun, halawa ta riɗi, ki cika cikinki a nan kafin rana. Babbar Sallah ce mai zafi, safiya hanta da mugalgal, yani soyayyen nama gutsi gutsi, rana mandi, dare gashi, kwana huɗu a jere har ƙarshen tashriƙ. Ita kam kada ki fita gida da yunwa, ki ci ƙwai ko ƙosai da koko tukuna.

Na huɗu, abin da za ki riƙa a hannu. Ki kai abin da kowa zai ci, mai yawa, kada ki je da ɗan kwanonki ke kaɗai kamar mai jinya. Ni kabsa nake yi ba nama. Basmati kofi 3 ki wanke ki jiƙa minti 30. Ki soya albasa manya 2 a mai da ɗan samin har ta yi ja sosai, kada ki yi gaggawa a nan dan duk daɗin da romo zai bayar daga albasar nan za ki samo shi. Ki zuba tafarnuwa, hel yani kadamon, kirfa, kanumfari, busasshen lemon nan baƙi guda 2 ki huda su da wuƙa, tumatir 3 da aka markaɗa da cokali 2 na tumatirin gwangwani, ki bari mai ya taso. Sai gurzajjen karas, dafaffen hummus kofi 1, dunƙulen kayan lambu wanda aka rubuta khudar a jikinsa, da daddawa kamar kan babban yatsa a dake. Daddawar nan ita ce sirrin, ba wanda ya taɓa gane ta, sai dai a ce shinkafar nan da me kika yi. Ruwan zafi kofi 4 da rabi, ki zuba shinkafa, in ruwan ya tsotse ki rage wuta can ƙasa ki rufe minti 20. A sama soyayyen gauta baƙi da zabibi da loz. In kina da lokaci ki yanka awara ki soya sama sama, ki shafa mata mai ki birkiɗa ta a yajin ƙuli ki jera a tsinke ki gasa. Ki ɗebi naki ki ɓoye tun a kicin, masu cin nama su ne ke fara cinye ta, na sha komawa gida ban ɗanɗana ba.

A kan sufra kuma ki zauna can gefe wajen salati da dakkus, miyar tumatir mai yaji, da zabadi, yani yogot, kusa da wadda ta san halinki, kada ki zauna gaban uwar gida. Hannunki ya kasance yana aiki, wanda aka ga yana ci ba a cika kula da me yake ci ba. In wata ta jefo miki tsoka ki ce na gode ki tura wa yaron da ke kusa. Rabon layya da za a ƙulla miki a leda ki karɓa hannu biyu, akwai maƙwabta masu buƙata.

To yanzu kayan zaƙi, inda na daɗe ina cin abin da nake gudu ban sani ba. Jelatin daga fata da ƙashin dabba ake fitar da shi, a duniya mafi yawa na alade ne da na shanu, akwai na kifi kaɗan. A kasuwar Saudiyya abin da za ki gani a jikin kwali shi ne jelatin baƙari halal, yani na saniya, mai cin nama ya samu natsuwa, ke kuwa har yanzu saniya ce. Yana cikin jelin kwali mai kala, da mashmalo, da alewar roba ta yara, da kek ɗin cuku wanda ba a gasawa, da ƙyallin nan da ake malalawa a saman kek, har wani yogot ɗin da kwanson wasu magunguna. Ki juya kwali ki karanta, da Larabci da Turanci duk sunansa ɗaya. In kika ga E406 agar ne, E407 karajinan ne shi ma daga ciyawar teku, E440 fektin ne na ɓawon lemo da tuffa, E414 ƙaro ne, duk waɗannan tsiro ne. E120 kuma jar kala ce da ake samu daga wani ƙwaro, sai ki san matsayinki a kanta. Basbusa, kunafa, lugaimat, ma'amul, baƙlawa ba ruwansu da jelatin. Halƙum na asali da sitaci da sukari ake yi. Garin kirim karamel na kwali yawanci karajinan ne ke daskarar da shi, amma dai ki duba.

Abin da ya fisshe ni shi ne agar agar. Daga jar ciyawar teku ake yinsa, mutanen Japan suna ce masa kanten kuma sun fi shekara 300 suna aiki da shi, Indiyawa suna ce masa China grass suna yin na madara da azumi, Filifinawa gulaman. Ki nema a shagunan 'yan Indonesiya, muna da su a Makka da Jidda, ɗan fakiti ne mai giram 7, Swallow ne sunan da aka fi gani, akwai fari akwai mai kala, ki ɗauki farin. A ɓangaren kayan Indiya na manyan kantuna kuma za ki samu mai zare zare kamar busasshiyar leda. Abin da ya sa na ce ya fi dacewa da mu ko da kina cin nama, jelatin yana narkewa a wajen digiri 35, garin da zafinsa ke wuce 40 kuwa kafin ki fito daga mota ki hau bene ya koma ruwa. Agar yana kamawa tun yana da ɗumi, tsakanin digiri 32 zuwa 40, kuma in ya kama ba zai narke ba sai ya kai wajen 85. Na taɓa mance tire a bayan mota daga la'asar har isha, na same shi yadda na sa shi, sai dai ɗumi.

Ma'auni tukuna, dan nan na fara faɗuwa. Na ɗauka cokali da cokali ne da jelatin, na zuba masa hannu, abin da ya fito kamar sabulun wanki, ƙanina ya ɗauki yanka ɗaya ya buga a tire ya ce Yaya wannan na gini ne ko na ci. Agar ya fi jelatin ƙarfi nesa. Cokalin shayi 1 shafaffe, wajen giram 2, yana kama kofi 1 na mil 250 ya yi tauri har a yanka. Fakitin giram 7 yana ɗaukar kusan lita 1. In mai laushi kike so wanda za a ci da cokali a kofi, ki rage zuwa rabin cokali ko kashi uku cikin huɗu a kowane kofi.

Ga na zoɓo, karkade in ji mutanen nan. Ki dafa zoɓonki mai kauri da citta da kanumfari, ki tace, ki auna kofi 1 da rabi ki ajiye shi da ɗuminsa. A wata tukunya ki zuba ruwan sanyi kofi 2, ki barbaɗa fakiti 1 na agar kina kaɗawa, ki bar shi minti 5 ya jiƙa. Ruwan sanyi na ce, in kika zuba shi a tafasasshe dunƙulewa zai yi. Ki ɗora a wuta kina juyawa har ƙasan tukunya dan yana son kwanciya ya kama, in ya tafasa ki rage wuta ki ba shi minti 3 yana ɓararraka. Tafasar nan dole ce, jelatin ne ba ya son tafasa, shi agar in bai tafasa ba ba zai narke ba balle ya kama. Ki ɗaga cokali ki duba bayansa, in kina ganin ƙananan ƙwayoyi kamar yashi da saura. In ya yi sumul sai ki zuba sukari rabin kofi ko fiye, ya narke, ki sauke, sannan ki zuba zoɓon. Dalili biyu ne ya sa zoɓon yake zuwa ƙarshe, tsami yana rage wa agar ƙarfi in an daɗe ana dafa su tare, shi ya sa ma ruwan duka na tsayar da shi kofi 3 da rabi ban kai lita ba. Kuma zoɓon ya zama mai ɗumi, in kika zuba mai sanyin firji nan take zai kama a inda ya taɓa ya yi miki zare zare kamar taliya. Haka za ki yi da tsamiya, lemo, ko Vimto ɗin da ya rage na azumi.

Kafin ki juye ki gwada. Ki sa ƙaramin faranti a firiza tun farko, ki ɗiga cokali ɗaya a kai, cikin minti ɗaya zai nuna miki halinsa. Ya yi ruwa, ki jiƙa ƙarin rabin cokali a ɗan ruwa ki mayar wuta. Ya yi tauri, ki ƙara ruwan zafi. Ko bayan ya daskare gaba ɗaya in bai yi miki ba ki yayyanka ki mayar tukunya ya narke ki gyara, wannan kam ya fi jelatin mutunci. Ki ɗauraye tire da ruwa kada ki goge, ki juye, ki kwashe kumfar sama da cokali. Ƙasa da awa ɗaya ya kama ko a kan tebur, firji dan sanyi ne kawai.

In mai hawa biyu kike so, fari da ja, wanda shi ne ke sa yara su kewaye tire, ki yi na madara haka: rabin fakiti a ruwa kofi 1, ya tafasa ya narke, sannan madara mai ɗumi kofi 1, sukari, ɗan hel ko ruwan wardi. Kada ki dafa garin a cikin madarar kai tsaye, ba ya narkewa da kyau kuma ƙasa zai kama. Wajen haɗawa ne ake kuskure, in hawan farko ya sandare ya yi sanyi na biyun ba zai manne ba, kina yankawa za su zame su rabu. Ki jira saman ya kama amma in kin taɓa yana ɗan danƙo, ki karce shi da cokali mai yatsu, ki zuba na biyun da zafinsa a hankali ta bayan cokali. Na biyun ki bar shi a kan wuta kaɗan kaɗan yana jira, in ba haka ba a tukunyar zai daskare. Kamaruddin ma yana yin hawa mai kyau, ki jiƙa shi ki markaɗa a blanda ki ɗumama. Mai zaren nan na Indiyawa kuwa ki yanka da almakashi, wajen giram 10 ga lita 1, ki jiƙa minti 30 ki matse, ki dafa minti 10 zuwa 15 sai ya ɓace, ki tace.

Wani daɗinsa, ɗanyar abarba da gwanda da kiwi suna hana jelatin kamawa saboda suna da sinadarin da ke narkar da furotin, irin dai yadda ake tausasa nama da gwanda. Agar ba furotin ba ne, ki zuba su yadda kike so, tsaminsu kawai za ki lissafa ki ɗan ƙara gari.

Gaskiya dai ba zai yi miki rawar nan ta jeli ba kuma ba ya narkewa a baki, ɓarewa yake yi gatsa gatsa, wanda ya saba da na kwali zai ji bambanci. A kek ɗin cuku ina haɗa shi da cokali 1 na nasha, garin sitacin masara, ya ɗan yi laushi, kuma cukun da kirim ɗin su zama ba sanyi, ki zuba agar ɗin kina bugawa ki juye nan take, in kika tsaya amsa waya ya kama a kwano.

Ranar da ba ki samu agar ba nasha tana nan a kowace bagala, yani shagon unguwa, dabarar agidi ce dai da muka sani. Muhallabiya: madara lita 1, nasha cokalin abinci 6, sukari rabin kofi, ki dama nashar a madara mai sanyi, ki ɗora kina juyawa ba tsayawa har ta yi kauri ta fara huci, ki ba ta minti 2 ƙarnin gari ya fita, ruwan wardi, ki zuba a kofuna. Ba ta yankuwa kuma ba ta fita garau, amma tsofaffi sun fi son ta. Fektin na jam ne, yana son sukari da yawa da tsami, ban ga amfanin wahala da shi dan jeli ba. Ƙaro kuma, wata 'yar uwarmu da ta zo Umra daga Sudan ta kawo min na hashab mai kyau ta ce in gwada, na jiƙa na dafa na sa a firji kwana guda, yana nan ruwa mai yauƙi. Yana ƙara kauri a abin sha, ba ya daskarewa.

Jelin agar ki yi shi daren jajibere, ki rufe da leda dan kada ya sha warin firji, ranar layya kuwa kin san me ke cike da firjin. Kada ki sa shi a firiza, in ya saki ruwa zai tsiyaye ya bar ki da soso. Ko a firji in ya kwana biyu za ki ga ɗan ruwa ya taru a gefe, ki karkata tiren ki zubar. Ki tafi da shi a tirensa, sai kin isa ki yanka da wuƙar da kika tsoma a ruwa, kuma ki je da wuƙarki, ta gidan duk sun sha nama tun safe.